Ɗana ba ɗan ruwa ba ne, ciwo ne da likitoci suka sani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a bani ɗan fili in yi magana da ƴan uwana mata, musamman mu mazauna Jidda da Makka, akan abin da ya daɗe yana ci min rai.

Ɗana shekaransa shida yanzu. Tun ina ɗauke da cikinsa ruwa ya min yawa, aka haife shi ƙato masha Allah, amma sati biyu ba a yi ba ya ƙi kama nono, in ya sha ya dawo da shi, ya rame har sai da aka sa masa tiyo ta hanci. Bai yi tafiya ba sai da ya wuce shekara uku, maganarsa har yau kalma ɗaɗɗaya ce. Fatar tafin hannunsa da ta ƙafa sakwa-sakwa da layuka masu zurfi, gashin kansa kuma tsilla-tsilla. Da ya kai huɗu sai wasu ƙananan tsiro suka fito masa a bakin hanci kaman ƙuraje, to nan fa surutu ya tashi, wannan ta ce ɗan ruwa ne, waccan ta ce aljani ne ya shafe ni ina da ciki, wata ma a gidan suna ta janye ɗanta daga kusa da shi wai kar ya ɗauka. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

Wata dattijuwa da nake ganin girmanta ta ce in kawo shi a ƙona tsiron da ƙarfe, na kusa yarda. Allah ya taimake ni wata likitar yara ta dube shi ta tura mu gwajin jini na ƙwayoyin halitta, muka jira wata da watanni, sakamako ya fito da suna, ciwon Kostelo. Sunan wani likitan yara ne ɗan ƙasar Niyu Zilan da ya fara bayaninsa a 1971, ya sake rubutu akai a 1977 yana haɗa jinkirin fahimta da wannan tsiron na hanci. Sai a 2005 masu bincike a Japan suka gano cewa canji ne a wata ƙwayar halitta da ake kira HRAS. Kuma kusan ko yaushe canjin a jikin yaron yake farawa, iyaye basu da shi. Na so a ce dangin mijina suna ɗakin nan lokacin da likitar ta faɗi haka, dan shekara huɗu ana min kallon ni na jawo, wasu kuma suna ɗora wa auren zumuncin da muka yi.

Tsiron da kowa ya zuba wa ido ba ciwon daji (kansa) ba ne, baya yaɗuwa zuwa wani yaro, in ya dame shi likitan fata na iya cirewa ko da yake yakan dawo. Abin tsoron yana ciki inda ba a gani. Yawancin yaran nan suna da matsalar zuciya, ko naman zuciyar ya yi kauri ko bugunta ya rikice, sannan sun fi sauran yara haɗarin kamuwa da ciwon daji tun suna ƙanana. Shi yasa duk bayan ƴan watanni muke zuwa hoton ciki da awon zuciya. Da na tsaya a ƙona ƙurji da ban san zuciyar ɗana na da kauri ba.

Na san halin da muke ciki, wata iƙamarta, wato takardar izinin zama, ta mutu, wata bata da inshora, kuɗin asibiti kuma ba wasa ba, sai a ɓoye yaro a ɗaki. Ni roƙona ga shugabannin ƙungiyoyinmu na nan, yadda ake haɗa riyal in an yi rasuwa a haɗa wa irin yaran nan ko na awon zuciya ne sau ɗaya. Malamanmu kuma su faɗa wa mutane, ruƙiya da addu'a ban taɓa bari ba, amma basu hana zuwa asibiti.

Yaron nan kowa ya shigo gidanmu sai ya ruga ya kama hannunsa yana dariya, har wacce ta janye ɗanta ranan.

Wassalam,
Wata uwa daga Jidda, Saudiyya