A ba matasan cocinmu aikin yi a dogon hutu

Ranka ya daɗe Edita,

Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi kira ga shugabannin cocinmu na cikin garin Katsina. Duk shekara daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba makarantu na rufe, ga ɗalibanmu na jami'a da poli sun dawo gida, wasu na jiran kiran bautar ƙasa, suna zaune kawai sai latsa waya, alhali cocin birni na neman hannu.

Shawarata ita ce ECWA da Katolika da Angilika da Baptis su haɗa matasan nan rukuni ɗaya, kowane sati a tura su wata coci daban. Lokacin damina ne, kwatoci na toshewa da leda ruwa ya shiga gidaje, sai su yashe na unguwa baki ɗaya har ƙofar maƙwabtanmu Musulmi. Amma abin da ya fi damuna karatu ne gaskiya, yaranmu da yawa da iyayensu suka taso daga Malumfashi da Ƙafur suna jin Hausa ras amma ba sa iya karanta Littafi Mai Tsarki da ita, lesin na awa 2 da safe zai taimaka sosai.

Tunda Katsina ta samu dayosis na Katolika nata a 2023 ƙarƙashin Bishop Gerald Musa, ga kuma CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, ai akwai masu jan ragama. Sai dai a riƙa ba matasan kuɗin Keke Napep da abincin rana, yawancinsu ba su da ko sisi.

Na gode.

Mai karatunku daga Katsina