Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da jakunkunan keke a Kaduna

Ranka ya daɗe Manaja,

Bayan gaisuwa. Sau uku ina zuwa shagonku da rasit a hannu, sau uku ana ce mini kana Legas. Shi ya sa na kawo maganar nan, inda sauran mahaya keke za su gani.

A watan Yuli na sayi jakunkunan gefe guda biyu da kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na bayan keke, a wurinku. Ban ɓoye wa yaron shagonku inda za ni ba. Na ce masa daga Kaduna zan bi Kano da Daura, in tsallaka ta Kongolam zuwa Damagaram, daga nan in kama hanyar Tanut har Agadas, sannan in shiga duwatsun Ayar. Ya kai kilomita 900, kuma a tsakiyar damina. Ya buga jakar da tafin hannu ya ce ko a kogin Kaduna na jefa ta ruwa ba zai shiga ba, ya kuma rubuta garantin shekara ɗaya a bayan rasit.

Har Agadas ban ga aibunsu ba, sai ƙura. Matsalar ta faro ne a hanyar Dabaga, a gefen korin Telwa, wato busasshen rafin da ke kawo ruwa da damina. Wanda bai taɓa zuwa can ba zai ɗauka kori hanya ce ta yashi kawai tsakanin duwatsu. Masu lambun albasa na wurin su suka gargaɗe ni kada in kwana a ciki, domin ruwa kan sauka can saman duwatsu inda ba ka ganinsa, ya gangaro a guje alhali kai ko yayyafi bai taɓa ka ba. Da la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta fara da yashi, sannan ruwa ya kece. Na ji ƙugin korin kafin in gan shi, jajawur, ɗauke da rassan itace. Na tura keke na hau tudu. A wannan hawan ne waldar kariya ta ɓalle a ƙafar dama, jaka ta faɗa cikin wayoyin tayar baya ta karya guda uku. Kayan da ke kai bai kai nauyin da aka buga a jikin kariyar ba, don na auna a gida.

Ruwan bai fi awa ɗaya ba. Da na buɗe jakar hagu, wadda ba ta ma taɓa ƙasa ba, ruwa na tarar kwance a gindinta, ya bi ta ɗinki. Garin kwaki ya zama kunu, batirin cajin waya ya mutu, fasfo da katin rigakafin shawara sun manne da juna. Da wuƙa na riƙa raba shafukan a rana washegari, kuma duk shingen jandarmomin da na biyo a dawowa sai na yi dogon bayani. Wani mai walda a Agadas, Allah ya saka masa, ya nuna mini cewa ɗigo biyu kacal aka yi wa haɗin, aka shafe da fenti.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne amsar da aka ba ni a shagon: wai garantinku bai shafi kayan da aka fita da su ƙasar waje ba. Na duba rasit ciki da bai, babu wannan. Ruwan saman Nijar daban yake da na Kawo ne?

Ina neman ku mayar mini da kuɗin jakunkunan da na kariyar, ku kuma daina ce wa mutane ruwa ba ya shiga. Na ajiye kariyar yadda take, da hotunan da na ɗauka a wurin. Idan mako biyu ya wuce ban ji daga gare ku ba, zan kai su hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Lambar wayata tana cikin littafin shagonku, a shafin da yaronku ya rubuta ta har sau uku.

Naku,
Wani mahayin keke daga Tudun Wada, Kaduna