Aminina, ka fara tara takardunka

Assalamu alaikum Dokta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan sanyi ya fara kankama, asuba sai da riga uku.

Tun ranar da ka ce wani kamfanin iri a nan Amurka yana son ka zo ka yi masa aiki kan binciken waken nan naka, maganar take raina. Ka ce abin da ke sanyaya maka gwiwa shi ne bizar H-1B ta ƙwararrun ma'aikata, kuma da gaskiyarka: guda 85,000 ake bayarwa a shekara, masu nema sun ninka haka, sai an yi ƙuri'a. Amma akwai wata ƙofar, wadda ni ma ta nan na shigo. Sunanta O-1, an kafa ta a dokar shige da fice ta 1990 domin waɗanda suka yi fice a fagensu. O-1A ta masu kimiyya, ilimi, kasuwanci da wasanni ce, O-1B kuma ta masu fasaha da 'yan fim. Ita O-1 ba ta da ƙuri'a, ba a kuma ƙayyade yawanta ba.

Ba kai za ka nema da kanka ba. Kamfanin ne, ko wakili, zai cike fom I-129 ya miƙa wa USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka. In an amince, za a iya ba ka har shekara 3, sannan a riƙa sabuntawa shekara-shekara. Uwargida da yaran da ba su kai 21 ba za su biyo ka da bizar iyali, O-3. Za su iya karatu, amma ban da aiki. Wannan ku zauna ku tattauna shi sosai, kada ta ji daga baya.

Ga inda nake jiye maka. Na san halinka, ba ka son a yabe ka, kuma wannan biza hujja take ci. Wanda ba shi da babbar kyauta irin ta Nobel sai ya cika aƙalla 3 cikin sharuɗɗa 8. Kai kana da maƙalu a mujallun ilimi, ka sha duba aikin wasu masana kafin a buga, jaridu sun yi rubutu a kanka, ga lambar yabon da ka jefa a durowa. Ni sai da na kwana biyu zaune a ƙasa, kwali a gabana, ina neman wata tsohuwar wasiƙar da edita ya gode mini kan duba maƙala. Ban same ta ba, kuma daidai wurin aka dawo mini da takarda ana neman ƙarin hujja. Wata uku na yi asara.

Don haka ka ajiye kunya. Ka rubuta wa manyan malaman da suka san aikinka, na gida da na waje, su bayyana dalla-dalla abin da irin wakenka ya canza a gonakin manoma. Duk abin da aka buga da Hausa a fassara shi, mai fassara ya sa hannu. Ka guji 'yan kan-ta-waye masu alƙawarin biza, ka sa kamfanin ya ɗauki lauya. Kafin ka je intabiyu Abuja ko Legas, ka duba shafin ofishin jakadanci, domin ƙa'idojin shiga suna yawan canzawa.

Ka turo mini jerin abin da ka samo kafin Juma'a mai zuwa, mu duba tare ta waya bayan isha'inku. Ka gaishe mini da mutanen majalisa.

Naka amini,
wassalam.