Godiya ta musamman ga kamfanin da na sayi akwatin ajiyar tabar siga a wajensu

Gaisuwa mai yawa ga shugabanni da ma'aikatan wannan kamfani, musamman ɓangaren da ke amsa saƙon masu sayayya.

Na ga ya dace in yi wannan godiya a fili inda kowa zai gani, don gaskiya abin da kuka yi min ya wuce ciniki. Yawancin masu sayar da kaya da zarar kuɗi ya shiga hannu shikenan sun gama da kai, ku kuwa bayan akwatin ya iso hannuna ne ma aikinku ya fara. Ga wanda bai sani ba, humido nake nufi, akwatin katakon nan da ake ajiye tabar siga a ciki, irin mai kaurin nan da ake naɗewa da ganyen taba zalla a Kuba da Nikaragua da Honduras da Jamhuriyar Dominika, wadda idan iska ta busar da ita ko laima ta yi mata yawa to ta tashi daga aiki.

Saƙonku na farko shi ne kada in saka ko guda ɗaya a ciki tukuna. Baiwar Allahn da ta riƙa amsa min ta yi min bayani dalla-dalla cewa katakon da aka shimfiɗa a ciki, wanda ake kira sidan Sifen, wato Spanish cedar a Turance, duk da cewa daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu yake fitowa, a bushe yake zuwa, kuma katako ne mai shan laima sosai, don haka idan ka zuba siga a sabon akwati to katakon ne zai zuƙe danshin jikinsu, ka buɗe ka tarar ganyen waje ya tsattsage. Dole sai katakon ya sha ya ƙoshi tukuna. Ta ba ni hanya biyu, ko in ajiye ɗan ƙaramin kwano da ruwan distil, wato tataccen ruwan da aka samo daga tururi, a ciki in rufe, ko in saka fakitin Boveda, wato ɗan ƙunshin da ke daidaita danshi, mai lamba 84 in bar shi kwana 14 ba tare da buɗewa ba, kuma ta ja min kunne sosai a kan ruwan famfo saboda gishirin ƙasa da sinadarin da ke cikinsa suna toshe soson da ke ba akwatin laima suna kuma jawo fumfuna. Har ila yau ta ce in guji shafe katakon da jiƙaƙƙen tsumma kamar yadda wasu ke yi don sauri, ruwa kai tsaye yana sa katako ya kumbura ko ya lanƙwashe, murfi ya daina zama daidai. Wallahi wannan magana kaɗai ta isa a gode muku.

Amma inda kuka fi burge ni shi ne maganar ma'aunin danshi. Akwatin ya zo da nasa mai allura, kyakkyawa, kuma kuna iya yin shiru in ci gaba da yarda da shi, sai kuka ce a'a, kada in amince da kowane ma'auni sai na gwada shi, har da naku. Kuka koya min gwajin gishiri: a zuba gishiri a murfin kwalba, a ɗiga ruwa kaɗan yadda zai jiƙa amma ba zai narke ba, a saka shi tare da ma'aunin a leda mai zif a rufe ruf a bar shi ya kwana. Danshin iskar cikin ledar zai tsaya a kashi 75 cikin 100, haka jiƙaƙƙen gishiri yake, to idan ma'aunin ya nuna 70 ka san yana rage 5 kenan, sai ka gyara shi ko ka riƙa ƙara 5 ɗin a lissafinka kullum. Kuma kuka faɗa min gaskiya cewa na dijital ya fi na allura riƙe daidai. Kamfanin da zai ce maka ka binciki kayansa kafin ka yarda da su, ai ba kullum ake samunsa ba.

Sai batun lambar da ake nema. Kowa na maganar 70 da 70, wato danshi kashi 70 da zafi digiri 70 a ma'aunin Faranhait, kusan 21 kenan a Salshiyos. Ku kun nuna min cewa wannan mafari ne kawai, mutane da yawa sun fi son tsakanin 65 da 69 don siga ta fi ci daidai kuma jan hayaƙin ya fi sauƙi, kuma abin da ya fi muhimmanci lambar ta zauna wuri ɗaya, ba yau sama gobe ƙasa ba. Na gane dalilin ma yanzu. Idan ta bushe sai ta ci da sauri da zafi, ga ɗaci, man da ke ba ta ƙamshi ya gudu kuma ba ya dawowa. Idan laima ta yi yawa sai ta kumbura, ka ja ka ja ba hayaƙi, tana mutuwa kana kunnawa, daga nan kuma fumfuna ta biyo baya. Ni dai na tsaya a 67 zuwa 68 kuma hankalina kwance.

Zafi ma kun yi min magana a kai ba tare da na tambaya ba, cewa ƙwaron taba yana ƙyanƙyashewa ne idan wuri ya yi ɗumi ga laima, ya huda ƙananan ramuka ya bi akwati gaba ɗaya, don haka a nisanta akwatin daga taga da rana da duk abin da ke fitar da zafi, kuma kada a ajiye shi gaban esi kai tsaye.

Akwai lokacin da na ga lambar ta sauka bayan na zuba siga, na turo saƙo cikin damuwa har ina tambaya ko in sayi na'urar laima mai lantarki da kuke sayarwa. Amsar da na samu ita ce ba na buƙatarta a ƙaramin akwati irin nawa, sabbin siga ne ke daidaitawa da gidansu, in yi haƙuri in daina yawan buɗe murfi, sannan in gwada rufin da takarda: in maƙala ta a bakin akwatin in rufe in ja, idan ta zame ba wahala to iska na fita. Na gwada kowane gefe takardar ta riƙe gam, ko da na saki murfin ma a hankali yake sauka da ɗan hucin iska. Lambar kuwa ta dawo da kanta kamar yadda kuka ce. Kun ga ciniki a gabanku kun bar shi ya wuce don ba shi ne maslahata ba, ni kuwa ba zan manta da wannan ba.

Shawara ɗaya nake da ita, don Allah ku buga wannan bayanin duka a takarda ku riƙa sakawa a cikin kowane akwati, domin ba kowa ne zai yi tunanin turo saƙo ba kafin ya zuba kayansa.

Ina roƙon shugabanni su isar da godiyata ga wannan ma'aikaciya, ta yi haƙuri da tambayoyina masu yawa ba ta taɓa nuna gajiya ba, ta cancanci a yaba mata a gaban abokan aikinta. Duk wanda ya tambaye ni inda zai sayi humido wajenku zan turo shi. Allah ya ƙara kasuwa, ya bar zumunci.

Naku,
Wani abokin cinikinku