Hadiza ko Khadija: a tsayar da rubutu ɗaya tun ranar suna

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana Hausawa mazauna Saudiyya kan wani abu da muke rainawa, alhali yana iya bin yaro har girmansa, wato yadda ake rubuta sunansa da boko.

A watan jiya Allah Ya azurta ni da 'ya mace a nan Jidda, kuma tun kafin mai ɗakina ta sauka na ƙudurta cewa idan mace ce, sunan mahaifiyata za ta ci. Ranar bakwai aka yanka rago aka raɗa suna, babu wanda ya ce uffan, domin kowa ya san sunan Nana Khadija 'yar Khuwailid ne, matar Manzon Allah (SAW) ta farko, wadda kabarinta yake maƙabartar Mu'alla a Makka. A takardar haihuwa ta Larabci ma babu gardama, haruffa biyar ne kuma hanyar rubuta su ɗaya ce. Sai ranar da na zauna cika takardar neman fasfo ɗin Najeriya alƙalami ya tsaya mini a hannu. Mai ɗakina ta ce a rubuta Khadijah, ƙanena da ya daɗe a Legas ya ce Khadijat, ni kuma na san Hadizatu ke jikin fasfo ɗin da Hajiya mahaifiyata ta zo aikin hajji da shi. Da na kira Baffa a Kano, amsarsa gajeriya ce: "Ɗana, mu Hadiza muka sani."

Baffa bai yi kuskure ba, kuma ina jin zafin masu cewa Hadiza ɓatancin suna ne. Harshenmu ba shi da harafin kha na Larabci, shi ya sa Khalid ya zama Halidu, khamis ya zama Alhamis, khairi ya zama alheri. Wannan "tu" da ke ƙarshen Hadizatu, A'ishatu da Faɗimatu kuwa daga bakin malamai ta fito, saboda suna karanta harafin ta na ƙarshen suna da wasalinta kamar yadda take a littafi. Kakanninmu da ke rubutu da ajami ba su taɓa fuskantar wannan zaɓi ba. Boko ne ya zo da shi, kuma ko da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939 ta taimaka wajen daidaita rubutun Hausa, an bar sunayen mutane a hannun duk malamin makaranta ko akawun da ya fara riƙe alƙalami.

Amma wanda ke zaune a nan Saudiyya yana rayuwa ne tsakanin rubutu biyu, kuma na ga illar haka da idona. Wani maƙwabcina ya sa an rubuta wa 'yarsa Hadiza a fasfo. Ma'aikacin da ya juya sunan zuwa Larabci bai san Hausa ba, sai ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, sunan ya fito da ha da zayi, ya saɓa wa takardar haihuwa. Shekara shida babu wanda ya lura, sai da aka je sa yarinyar a makaranta aka ce waɗannan takardu na yara biyu ne. Na ga bawan Allah nan da jakar leda cike da takardu yana safa da marwa tsakanin ofisoshi, yana barin aikinsa, yarinya kuma tana zaune gida tana kallon sa'o'inta suna fita da safe. A gida Najeriya ma gyaran ba sauƙi gare shi ba, tunda yanzu dole bayanan fasfo su dace da na lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma sauya suna kan buƙaci rantsuwar kotu da sanarwa a jarida.

Saboda haka na rubuta Khadija, ba tare da ƙarin h ko t ba, domin shi ne duk Balaraben da ya gani zai mayar da shi asalinsa ba tare da tambaya ba. Na rubuta shi a takarda da boko da Larabci, na ba mai ɗakina ta adana tare da katin rigakafi, don kada wata rana wani ɗan'uwa ya cika mana fom da abin da ya fi masa daɗi. Shawarata ga iyaye ke nan: a zauna tun ranar suna, kafin a raba goro da dabino, a tsayar da rubutu ɗaya, a kuma duba kowace takarda harafi bayan harafi kafin a bar gaban tebur.

Baffa ya ce shi dai Hadiza zai riƙa kira, na ce masa ya yi daidai. A gidana kuwa Ummi muke ce mata, domin bakina ba zai iya kiran sunan Hajiya gatsal ba.

Wassalam.

Mai karanta jaridarka,
Jidda, Saudiyya