Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiyar Iyayen Yara: Inda Ƙafarmu Ta Taka da Inda Ta Tsaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, malamanmu, yayye da ƙanne, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekarar karatu lafiya. Ga bayanin abin da kwamitin zartarwa ya yi da amanar da kuka ɗora masa. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta da bakinsa ranar taro, mai tambaya ya tanadi tambayarsa.

Saboda sababbin shiga, ƙungiyar nan ta iyayen yaran makarantun firamare na gwamnati huɗu ce a Zariya: biyu a cikin ganuwa, ɗaya a ɓangaren Tudun Wada, ɗaya kuma a ƙetaren Kubanni, ƙarƙashin ƙaramar hukumar Sabon Gari. Yawancinmu 'yan tireda ne, da masu Keke Napep, da manoma, da teloli, da mata masu sana'ar cikin gida. Wanda yake da hali a garin nan tuni ya kai ɗansa makarantar kuɗi. Mu da muka rage, wannan makarantar ita ce gadonmu.

A taron bara, idan kun tuna, an yi awa biyu ana faɗin "gwamnati ta manta da mu", aka yi addu'a aka watse. Da muka zauna a kwamiti sai shugaba ya tambaye mu, wace gwamnatin ce ta manta, kuma ta wace ƙofa kuɗin yake shigowa? Babu wanda ya iya amsawa, har da ni mai riƙe da biro. Wannan kunyar ce ta zama aikinmu na farko.

Muka roƙi ɗaya daga cikinmu, dattijon da ya yi ritaya daga Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, jikokinsa kuma suna ɗaya daga makarantunmu, ya zauna da mu Asabar uku a jere. Abin da muka ɗauko daga bakinsa ya kamata kowane uba da kowace uwa su riƙe. Shirin ilimin bai ɗaya da muke kai yanzu Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shi a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004. Dokar ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara, kyauta ne kuma dole ne. Ta kuma ware kashi 2 cikin ɗari na babban asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya ta damƙa wa hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, a Abuja. Rabin wannan kuɗi ba a sakin sa haka kawai: sai jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta, naira da naira, sannan ta miƙa tsarin ayyukan da za ta yi da shi. Shi ya sa kuke jin labarin kuɗin jihohi da dama yana kwance a Abuja shekara da shekaru ba a ɗauka ba. A nan Kaduna hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ce ke tsara jerin ayyukan, tana karɓar bayanai daga ofisoshin sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi. Makarantar da sunanta bai shiga wannan jeri ba, ko rufinta ya faɗo wa yara a ka, babu kwano ɗaya da zai zo mata daga wannan asusun a wannan zagaye.

Ashe ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Dattijon ya ƙara mana da wani labari da ya sa aka yi dariya mai ɗaci. Ya ce a Amurka akwai dokar da aka kafa tun 1965, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, wadda ke aika kuɗin tarayya makarantun da 'ya'yan talakawa suka fi yawa. A yadda dokar take yanzu, gundumar ilimin da rabonta ya haura dala dubu 500 wajibi ne ta cire aƙalla kashi 1 cikin ɗari ta kashe shi kan jawo iyaye cikin harkar makaranta. Wani baba daga bayan aji ya ce, to mu nan ko ruwan ledar taro daga aljihunmu yake fita. Gaskiya ya faɗa. Amma dattijon bai bar mu da ƙorafi ba. Ya ce mu ma muna da tamu ƙofar, ita ce kwamitin kula da makaranta da ake kira SBMC, wanda majalisar ilimi ta ƙasa ta amince a kafa a kowace makaranta. A ƙa'ida ana samun hedimasta a ciki, da wakilin malamai, da mai unguwa, da malamin addini, da wakilan mata, da masu sana'ar hannu, da tsofaffin ɗalibai, har da yara biyu daga cikin ɗaliban. Shi ne ke rubuta tsarin gyaran makaranta, kuma akwai tallafin da UBEC kan tura kai tsaye asusun irin wannan kwamiti don ƙananan ayyuka, da sharaɗin al'umma ta kawo nata kason.

Da muka bi makarantunmu muka nemi ganin sunayen 'yan kwamitin, a biyu mun tarar da su suna aiki daidai gwargwado. A sauran biyun kwamitin yana cikin durowa ne kawai. A takarda ɗaya akwai sunan bawan Allah da muka kai makwanci shekarun baya. A ɗayar kuma mun je gidan wadda aka rubuta a matsayin wakiliyar mata, ta ce ita yau ta fara jin labari. Ba zan ɗora laifin nan kan malamai su kaɗai ba. An ce su kawo sunaye, sun kira taro, ba mu je ba, suka cike gurbi da abin da ya sawwaƙa. Kafin hutun zango na farko an sake zaɓe a duka biyun, a gaban masu unguwa, aka sabunta sa hannu a banki. Wannan zirga-zirgar banki kaɗai ta ci mana makonni, don mutum biyu daga cikin waɗanda aka zaɓa sai da aka gyara musu lambar BVN tukuna.

Sai batun rufi, wanda shi ne abin da zan fi so a tuna da shi a wannan shekara.

Waɗanda 'ya'yansu ke makarantarmu ta cikin gari mai tsohon gini sun san ajin 'yan aji uku. Guguwar farkon daminar bara ta yaye rabin kwanonsa ta jefa bayan katanga. Na shiga ajin wata safiyar Talata bayan an kwana ana ruwa. Yara sun tattaru a kusurwa ɗaya kan buhunan taki da suka zo da su daga gida, malamarsu ta naɗe gefen zaninta tana share ruwa da tsintsiya zuwa bakin ƙofa, allon ya jiƙe har alli ba ya kamawa. Wani yaro ya cusa littafinsa cikin riga kamar mai ɓoye kuɗi. Da hadari ya sake haɗowa wajen ƙarfe goma, aka tashe su. Haka aka yi ta yi har ruwa ya ɗauke.

Mun ɗauki hotuna, kafinta daga cikinmu ya auna, aka rubuta tsarin gyara, sabon kwamitin ya sa hannu, aka miƙa. Makarantu uku muka nema wa tallafi. Wannan ɗaya ce ta samu, kuma na rufin aji biyu ne kacal. Kasonmu mun biya shi da gumi: matasa suka kwaso yashi, magina biyu suka gyara kan bango kyauta, mata suka yi karo-karo suka ciyar da ma'aikata.

Ranar da aka sauke kaya ne abin ya faru. Akwai wata baiwar Allah mai suyar awara a bakin ƙofar makarantar, 'ya'yanta uku suna ciki, kuma tana cikin sabon kwamitin. Ba ta yi boko ba, amma ranar da aka karanta jerin kayan da Hausa tana wurin, ta haddace. Tana juya awara tana ƙirga bandir ɗin kwanon da ake saukewa daga mota. Da direba zai tashi ta aika yaro ya kira hedimasta, ta ce saura ɗaya. Aka duba takarda, haka ne. Kafintanmu ya zo ya lanƙwasa gefen kwano ɗaya da yatsa biyu, ya ce wannan ba kaurin da aka biya kuɗinsa ba ne, iska ta farko za ta naɗe shi kamar tabarma. An yi ta cece-kuce har azahar. Kwana huɗu bayan haka mai kayan ya kwashe nasa ya kawo na ƙwarai, da cikon bandir ɗin. Da a ce takardar nan da Turanci aka karanta ta a ofis tsakanin mutum uku, da yanzu muna nan muna neman wani rufin. Daga ranar muka yanke cewa duk takardar kuɗi da ta shafi makarantunmu a karanta ta da Hausa a bainar jama'a, a kuma manna kwafinta a bangon ofishin hedimasta.

Wannan ya kai mu ga wani laifi namu da muka daɗe muna kauce wa. Shekara da shekaru muna sa taro ƙarfe goma na safe ranar aiki, sannan mu ce iyaye ba su damu ba. Mai Keke Napep da ke da balas a kansa zai bar titi a wannan lokacin ya zo ya zauna a benci? Matan cikin gari da yawa kuma ba sa shiga taron maza, kowa ya san wannan, alhali su ne ke tashin yaro da safe, su ne suka san ranar da ya ƙi zuwa da dalilin ƙin zuwansa. Bana mun mai da taron maza bayan sallar la'asar ranar Asabar. Na mata kuma muka roƙi malaman islamiyyar matan aure su ba mu rabin awa bayan an tashi karatu, mataimakiyar shugaba ce ke jagoranta. Abubuwan da suka fito daga bakin mata ba mu taɓa jin su a zauren maza ba. Daga wurinsu muka gane cewa 'yan matan aji biyar da shida suna ƙin zuwa wasu kwanaki a wata ne saboda babu banɗaki mai ƙofa. Mu muna nan muna ɗora abin kan talla.

Tallan ma yana nan, ba mu yi nasara a kansa ba. Shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2016 da naira 70 kowane yaro daga aji ɗaya zuwa uku, daga baya aka ɗaga zuwa 100, an dakatar da shi a Janairun 2024. A makarantunmu dai kulolin abinci ba su dawo ba har zuwa rubuta wannan rahoto. Ko a lokacin da ake yi, abincin bai taka kara ya karya ba, amma yana riƙe yaro har a tashi. Yanzu da tara ta yi sai ka ga aji ya rage, wasu sun tafi gida neman kalaci ba su dawo ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kwanon masara ya fi ƙarfin gidaje da yawa, ba na jin akwai wanda zai iya kallon idon uwar marayu ya ce ta sauke wa 'yarta farantin talla. Abin da muka iya shi ne roƙon a bar tallan sai bayan an tashi makaranta. Wasu sun karɓa, wasu sun ce mu kawo abin da za a dafa.

An yi zazzafar muhawara kan kuɗin da ake karɓa na alli, tsintsiya da takardar jarrabawa. Doka ta hana karɓar kuɗin makaranta a wannan mataki, malamai kuma sun ce idan ba a karɓa ba da aljihunsu suke saye. Duka ɓangarorin suna da gaskiya. Matsayar da aka cimma ita ce gudummawa ta zama ta ganin dama, ta bi ta hannun kwamiti da rasit, kuma kada a sake korar yaro gida saboda ita. Sau biyu aka karya wannan a zango na biyu, muka je muka yi magana cikin mutunci, ba a sake ba.

Rijiyar burtsatse da banɗakunan da muka yi muku alkawari bara ba su samu ba. Sau uku muka kai takarda ofishin da ya dace, sau uku aka ce mai sa hannu ba ya nan. A karo na uku muka nemi a buga mana hatimin karɓa a kwafinmu, aka buga, yana cikin fayil. Ziyarar ajujuwa da muka tsara kowane wata ma ta tsaya a tsakiyar shekara, lokacin girbi ya ɗauke mana mutane, ni kaina na yi sakaci. Mun yi rashin mambobi biyu a cikin shekarar, Allah Ya jiƙansu Ya raya abin da suka bari.

Babban taro zai kasance Asabar ta biyu bayan komawa hutu, bayan la'asar, a makarantar da aka yi wa rufi, don kowa ya ga aikin da idonsa. Na mata zai gabace shi da mako ɗaya, abin da suka yanke kuma za a karanta shi kafin a fara zaɓen sabon kwamiti. Za a tattauna ko mu fara haƙa ramin banɗakin 'yan mata da kuɗinmu ko mu ƙara jira. Maginanmu sun ce in dai za a yi, a yi kafin ruwa ya sauka. Mai bulo, mai yashi, ko mai tsohuwar ƙofa da ba ya amfani da ita, ya sanar da wakilin unguwarsa kafin ranar.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya,
Zariya.