Amsa ga ƙanena da ya ce in daina wahalar da kaina a kan Mena

Ƙanena, assalamu alaikum.

Na ga abin da ka rubuta a Facebook. Ka ce: "Malam, ƙungiyar da rabonta da gasar kofin Afirka tun 2013, me ka gani a jikinta har kake hana kanka barci? Mu dai a fadarmu Barcelona da Madrid muka sani." Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a nan zan ba ka amsa.

Batun tarihi kana da gaskiya. Sau biyu kawai Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu Nijar, ta je gasar, 2012 da 2013. Wasa shida ta buga, ƙwallo ɗaya ta ci, wadda William N'Gounou ya zura wa Tunisiya, maki ɗaya ta samu, a kunnen doki da Kwango Kinshasa. Wannan ba abin alfahari ba ne, kuma ba zan shafa masa mai ba.

Sai dai kana ƙarami lokacin da aka samu tikitin 2012, shi ya sa nake so ka ji yadda aka same shi. An haɗa mu rukuni da Masar, mai riƙe da kofin sau uku a jere, da Afirka ta Kudu da ta gama karɓar baƙuncin kofin duniya, da Saliyo. A watan Oktoba na 2010 Masar ta zo Yamai, Moussa Maazou ya jefa mata ɗaya, aka tashi a haka. Ranar nan a Damagaram, daga Birni har Zango, 'yan kabu-kabu sun kwana suna danna oda. Saliyo ta zo ta sha uku da ɗaya, Afirka ta Kudu ta zo ta sha biyu da ɗaya. A waje kuwa duk wasanni ukun an cinye mu. Maki tara muka tara, kuma kowane ɗaya a cikin filin Seyni Kountché aka samo shi, ƙarƙashin ranar Yamai, gaban jama'ar da ta cika filin tun hantsi. Mai horaswar ma ɗan gida ne, Harouna Doula, wanda hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta zaɓa gwarzon masu horaswa na Afirka a 2011. Tikitin 2013 ma haka: Gini ta ci mu ɗaya a Konakiri, muka rama da biyu a Yamai.

To yanzu dubi yaran da kake rainawa. CAF ta ce filinmu bai cika sharuɗɗa ba, don haka daga ƙarshen 2023 zuwa 2025 wasannin da ake kira na gida a ƙasashen mutane aka buga su. Zambiya a Marakesh muka karɓe ta, Sudan a Lome. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Maris 2025: mu ne masu masauki, Maroko ce baƙuwa, amma a garin Ujda na Maroko aka buga! Youssouf Oumarou ya fara ci, suka farke, suka ƙara a ƙarshen lokaci. Wallahi da a Yamai ne, ban yarda za a ƙwace wannan wasan ba.

Duk da wannan gararamba, yaran mai horaswa Badou Zaki sun lallasa Sudan huɗu da nema, suka bi Gana har Akara suka doke ta biyu da ɗaya a Nuwamban 2024. Maki ɗaya tak ya raba mu da tikitin 2025. A neman gurbin kofin duniya na 2026 kuma na biyu suka ƙare a bayan Maroko, da maki 15, sun doke Zambiya gida da waje. Kafin nan, a gasar CHAN ta 'yan wasan cikin gida da aka yi a Aljeriya farkon 2023, Doula ya fitar da Kamaru da Gana, ya kai mu na huɗu, ko da yake biyar ɗin da Aljeriya ta zuba mana har yau tana yi mini ɗaci. Ƙungiyar da ke yin haka ba ta da gida, ai ba matacciya ba ce. Gida take nema.

Gidan da nake nufi kuma bai tsaya a gyaran fili ɗaya a Yamai ba. Nan ne nake da magana da FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar. Kusan duk manyan ƙungiyoyin gasarmu na Yamai ne, na soja, na jandarma, na duwan, na kamfanoni. Tsakaninmu da can wajen kilomita 900 ne. Yaron unguwar Garin Malam ko Karkada a nan Damagaram da ke murza leda ba takalmi, wa zai gan shi? Ina horas da yara a unguwarmu da yamma. Akwai wani ɗan shekara goma sha huɗu mai ƙafar hagu, da safe yana tura kurar ruwa, da la'asar ya zo da silifa a hannu ya ajiye ta a matsayin raga. Idan ya karɓi ƙwallo, manya ma tsayawa suke kallo. Kano ta fi masa kusa da Yamai nesa ba kusa ba, kuma in ba a yi da gaske ba can zai tafi ya ɓace a wasannin unguwa. Garin nan da ƙungiyar Espoir ta ɗauko wa kofin ƙasa a 1984 bai kamata ya zama ɗan kallo ba. Kokowa ta nuna mana hanya: takobi yana zagaya jihohi, shi ya sa kowane ƙauye ke jin da shi ake yi. Maraɗi ta karɓi wasannin 'yan ƙasa da shekara 20 na Afirka a 2019. Me zai hana a kawo Mena Damagaram ko da wasan sada zumunci ne, a kuma turo masu zaɓen yara kowace shekara?

Ban ce ka jefar da rigar Barcelona ba, ni ma ina kallonsu. Roƙona biyu ne. Ranar da Mena za ta buga, ku kunna talabijin a fadarku, a ɗora shayi, a kalla har ƙarshe. Sannan ranar Lahadi bayan la'asar ka zo filin unguwarmu kai da abokanka, in da hali ku haɗa jika biyu-biyu, yaran suna buƙatar ƙwallaye da takalma.

Ka gaida mutanen fada, ka gaida su Inna.

Naka, yayanka a Damagaram.